Kafin ka biya kuɗin koyon sana'a

Ɗan uwa, kafin ka biya kuɗin koyo ko ka sayi kayan aiki, roƙi maigida ya bar ka ka zauna mako guda a rumfarsa.

Maigidan zai yi maka fara'a, don haka babban yaronsa za ka sa wa ido. Halin da sana'ar ke ginawa a jikinsa yake.

Wurin dukawan Damagaram, duba in ɗinkin jaka ya karkace: yana warware zaren ya sake, ko rufewa yake yi? Mai warwarewa haƙuri aka koya masa, kai ma shi za ka samu.

In zagi ake tun safe, tashi, kuɗinka na aljihu.

Amma kar ka gwada gab da Sallah, balle wajen telolin Kasuwar Dole, babbar kasuwar Damagaram. Lokacin ba barci, kowa a wuya yake.