Yadda na gyara hayaƙin ƙaramin jirgin ƙasana

Ƙaramin kan jirgin ƙasa mai tururi da nake da shi a nan Gombe, na wasa mai aiki da lantarki, samfurin HO wanda aka rage girmansa sau 87, ya daina fitar da hayaƙi, sai ɗan tsartuwar mai a bakin bututun da wani ƙauri.

Da farko na zargi taransifoma, amma da na auna da mita na ga bolt 12 cif a kan layin dogon. Na kuma zaci siririyar wayar da ke ɗumama mai har ya zama hayaƙi ce ta ƙone, ita ma mita ta nuna ba ta yanke ba.

Ashe laifin nawa ne. Na cika ramin bututun da mai har baki, wai don hayaƙin ya daɗe, alhali wayar ba ta iya tafasa mai da yawa, sanyaya ta kawai yake yi. Sai na cire wuta, na zuƙe man da sirinji, na kifa jirgin a kan tsumma mai tsabta na minti 20, sannan na goge ƙurar hunturu da ta manne a bakin bututun da auduga. Bayan haka na ɗiga ɗigo 4 kacal na man hayaƙi na ainihi, ba man keke ba, na hura iska a hankali cikin bututun domin kumfar da ta maƙale ta fashe. Na ɗaga ƙafafun jirgin, na ba shi bolt 12, kafin minti ɗaya farin hayaƙi ya fara tashi siriri.

Alhamdu lillahi, na gode wa maƙwabcina mai gyaran rediyo da ya ara mini mitar.