Darasi: Sayen Kwana a Masaukin Hutu da Yadda Ake Amsa wa Ɗan Talla

Akwai wani ciniki da 'yan kasuwarmu na Bauchi suke cin karo da shi idan sun fita ƙasashen waje, wani lokaci kuma ta waya yake iske su har gida. Kwana ake sayarwa a cikinsa. Shekara mako 52 ce, sai kamfani ya ɗauki ɗaki guda a masaukin hutu ya raba makonnin ga mutane da yawa, kowa da makonsa duk shekara. A Turai aka fara wannan tsari. Kamfanin Hapimag na ƙasar Suwizalan tun 1963 yake cikin harkar sayar da kwanan hutu.

Daga baya kamfanoni irin su Marriott da Hilton da Disney suka mayar da lissafin zuwa maki. Mutum zai sayi maki, kowane dare kuma yana da adadin makin da yake ci. Wanda ya taɓa neman ɗaki a sansanin Wikki na Yankari a ƙarshen shekara ya san yadda wuri yake cika, alhali da damina sai ka zaɓa ka darje. To, haka makin yake: daren da kowa ke so ya fi cin maki. Mai maki kaɗan sai ya tarar makinsa ba ya kai shi lokacin hutun yara. Wannan ƙofar ce ɗan talla yake shigowa ta cikinta.

Mu karanta tare

Wani mai shagon atamfa a kasuwar Wunti yana da maki 100. Ya je hutu, aka gayyace shi karin kumallo kyauta, aka ce bayani ne kawai na ɗan lokaci. Bayan an sha shayi sai wakilin kamfani ya jawo kujera.

"Alhaji, mutum irinka bai kamata ya tsaya a maki 100 ba. Ƙara 50. Yau kaɗai wannan farashin yake."

"Yallaɓai, na gode. Rubuta mini farashin, ka haɗa da kuɗin da zan riƙa biya duk shekara."

"Ai wannan ƙaramin abu ne, Alhaji. Bari in kira maigidana ya rage maka."

"Ya zo lafiya. Amma ni ba na sa hannu ranar da aka yi mini tayi. Ba ni takardar in tafi da ita, sai na yi shawara."

Ku lura, bai yi faɗa ba, bai kuma ba da dalilai ba. Duk dalilin da ka bayar, an riga an koya wa ɗan talla amsarsa. Ka ce ba kuɗi, ya ce akwai bashi. Ka ce sai ka tambayi iyali, ya miƙo maka waya. Shi ma neman abincinsa yake, la'ada yake samu idan ka saya, don haka ba abokin gaba ba ne, amma kuma ba shi ne mai ba ka shawara ba. Mu da muka tashi da kunyar wanda ya ciyar da mu, nan ne aka fi kama mu. Shayin da ka sha bai zama bashi a wuyanka ba.

Mu yi lissafi

Kuɗin saye sau ɗaya ake biya. Wanda ba ya ƙarewa shi ne kuɗin kula da gini, ana biyansa kowace shekara, ko ka je ko ba ka je ba, kuma yawanci hawa yake yi. A matsayin misali, mu ce kowane maki yana cin naira 3,000 a shekara. Maki 100 ya zama 300,000. Idan aka ƙara 50, ya koma 450,000. A shekara goma, 4,500,000 ke nan, ba a sa kuɗin jirgi da biza da abinci ba.

Sai kuma maganar canji, wadda ta fi damuna. Kamfanin waje da kuɗin waje yake karɓa. A farkon 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda yake sayar da atamfa da naira, nauyin nan ya ninka masa fiye da sau uku ba tare da ya ƙara maki ko ɗaya ba.

Za a ce maka jari ne, in ka gaji ka sayar. Nemi masu sayar da nasu na hannu ka ga nawa suke nema. Galibi ƙasa ƙwarai da abin da suka biya. Ka kuma sa a nuna maka a rubuce shekara nawa yarjejeniyar za ta yi, da abin da zai hau kan magada idan rai ya yi halinsa. Idan biyan kaɗan-kaɗan ne, tambayi ko da ruwa a ciki, ka kai wa malaminka takardar ya duba.

Wanda ya riga ya sa hannu, kada ya zauna jimami, ya duba kwanan wata. A ƙasashen Tarayyar Turai doka ta ba mai saye kwana 14 ya fasa, ta kuma hana a karɓi kuɗinsa kafin kwanakin su cika. A jihar Fulorida ta Amurka kwana 10 ne. A rubuce ake fasawa, a aika ta hanyar da takardar ta ambata, a riƙe shaidar aikawa. Kiran waya ba ya wadatarwa.

Aikin gida

Idan kuɗin kula da gini naira 450,000 ne bana, aka ƙara kashi 10 cikin 100 baɗi, nawa za a biya? Rubuta amsar da lambobi, sannan da kalmomi.

Bayan haka ku zauna biyu-biyu, ɗaya ɗan talla, ɗaya mai saye. Ɗan talla ya matsa sau uku, mai saye ya amsa sau uku ba tare da ya ba da dalili ba. Sai ku yi musanya.