Kafin ka biya kuɗin mota mai gudu, gwada ta a layin gidanka

Idan kana kwatanta motoci biyu masu gudu, ka tuƙa su a hanya ɗaya da rana tsaka, kuma hanyar ta bi ta ƙofar gidanka.

Dillali zai so ya kai ka titin Zariya da ke Kano, inda kwalta take a shimfiɗe, kowace mota kuwa takan yi daɗi a can. Amma irin waɗannan motoci ƙasa-ƙasa ake ƙera su. Tsakanin cikin Toyota GR86 da ƙasa kusan santimita 13 ne kawai, gefen tayoyin kuma siriri ne, don haka ramin da Corolla za ta wuce lafiya yana iya lanƙwasa gargaren ƙafar GR86.

Ka ɗauki fasinja, ka hau tudun rage gudu a hankali, ka saurara ko cikinta zai gogi ƙasa. Sannan ka shiga cunkoson Kantin Kwari da na'urar sanyi a kunne, kana lura da ma'aunin zafin inji.

Gwajin rani ba zai nuna maka halinta a ruwan Agusta ba. Idan kuma dillali ya hana a yi nisa da sabuwar mota, sai ka auna tudun shiga garejinka, ka kwatanta da tsayin cikinta.