Yadda nake koyar da tasowar Mao Zedong a aji

Abokan aikina malaman tarihi a Jos, kada ku fara da haihuwarsa. Yara za su rubuta 1893, Shaoshan, lardin Hunan, kashegari su manta. Ku kafa taswirar Sin a allo tukuna.

Ku nuna musu Shanghai. Can aka kafa jam'iyyar Kwaminis a 1921, Mao na cikin mahalarta amma ba shi ne babba ba. Can kuma a 1927 sojojin Chiang Kai-shek na Kuomintang, jam'iyyar 'yan kishin ƙasa, suka yi wa 'yan Kwaminis kisan gilla. A nan nake daɗewa, domin nan ne gindin labarin. Manyan jam'iyyar Kwaminis sun dogara da leburorin birni, shi kuwa Mao ya ce manoma ne ƙarfin Sin. Da boren da ya jagoranta a Hunan ya ci tura, sai ya shige duwatsun Jinggang. Nakan ce su tuna duwatsun Shere, su faɗa mini yadda soja zai kamo wanda ya ɓuya can.

Sai ku ja layin Doguwar Tafiya da alli, wato tattakin da dakarun Kwaminis suka yi don tsere wa sojojin Kuomintang, daga Jiangxi a Oktoban 1934 zuwa Shaanxi bayan shekara guda. Kimanin mutum 86,000 suka tashi, waɗanda suka isa ba su kai 10,000 ba. Ku tsaya a Zunyi, Janairun 1935, inda a taron shugabannin jam'iyya muryar Mao ta fara rinjaye.

Yaƙin Sin da Japan, 1937 zuwa 1945, ku taƙaita: ya raunana Kuomintang. Ku rufe darasin da dandalin Tiananmen a Beijing, 1 ga Oktoba 1949, ranar da Mao ya ayyana kafa Jamhuriyar Jama'ar Sin bayan 'yan Kwaminis sun ci Kuomintang da yaƙi. Yunwar da ta halaka miliyoyi daga 1959 kuwa, ku ware mata darasinta daban.