Yadda ake gane ƙasar tudu kafin a kafa lambu a kanta

A ƙasar tsaunuka fili ɗaya yana iya ɗauke da ƙasa iri uku. Ruwan sama yana kwasar lallausar ƙasa daga saman gangare ya jibge ta a gindi, sai a bar sama da tsakuwa, tsakiya da ƙasa mai dama-dama, kwari kuma da laka mai riƙe ruwa. Saboda haka duk gwajin da za ka yi, ka yi shi a wuri uku: sama, tsakiya da gindin gangare.

Fara da zurfi. Haƙa rami mai faɗin santimita 30, ka yi ta nutsawa har sai diga ta ci karo da dutse ko marmara. Latas da albasa suna wadatuwa da santimita 20 zuwa 30 na ƙasa mai laushi, karas yana son 30 ba tare da tsakuwa ba, tumatir kuwa 45 ko fiye. Idan dutse ya tare ka a santimita 15, kada ka wahalar da kanka da fasa shi. Jera duwatsun wurin su zama katanga mai tsayin santimita 30, ka cika da ƙasa da taki, ka yi shuka a kai.

A rami mai zurfin santimita 30 za ka gwada shan ruwa. Cika shi, ka bari ya tsotse, ka sake cikawa, sannan ka auna da sanda bayan awa ɗaya. Ciko na biyu shi ne abin dubawa, domin busasshiyar ƙasa tana shanye na farko ko da ba ta da kyau. Raguwar santimita 2.5 zuwa 7.5 a awa ita ake nema. Idan bai kai haka ba, saiwa za ta ruɓe da damina, sai a ɗaga kunya. Idan ya wuce sosai, taki zai riƙa bin ruwa yana gudu. Duba bangon ramin ma: ja ko ruwan ƙasa alamar iska na shiga ce, amma toka-toka mai ɗigon tsatsa yana nuna ruwa na kwana a wurin.

Don sanin yawan yashi da laka, zuba ƙasa a kwalba zuwa kashi ɗaya cikin uku, ka ƙara ruwa da ƙaramin cokali na sabulun ruwa, ka girgiza sosai. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, lallausar ƙasa cikin awa biyu, laka sai ta kwana ɗaya ko biyu. Idan laka ta yi yawa, kada ka zuba mata yashi, ɗan yashi a cikin laka ƙara mata tauri yake yi. Maganin yawan laka da yawan yashi duka shi ne ruɓaɓɓen taki mai kaurin santimita 5, wato lita 50 a kowace murabba'in mita, a cakuɗa da santimita 20 na sama.

Tsami shi ne ciwon da aka fi mantawa da shi. A tudun da ruwan sama ke da yawa, ruwa yana wanke sinadaran da ke kashe tsami, sai pH, wato ma'aunin tsamin ƙasa, ya sauka, alamar tsami ya ƙaru. Yawancin kayan lambu suna son 6 zuwa 7. Da ya gaza 5.5, sinadarin alminiyam yana narkewa ya ƙone bakin saiwa, ƙasa kuma ta ƙulle fosfaras, mutum ya yi ta zuba takin zamani shuka na nan a tsumbure. Ɗebi ƙasa daga wuri 10 a zurfin santimita 15 zuwa 20, ka gauraya, ka gwada da takardar awon pH ko ka kai rabin kilo ɗakin gwaji. Idan tsamin ya tabbata, watsa garin farar ƙasa ta noma, kimanin giram 150 a murabba'in mita ga ƙasa mai yashi, 300 ga mai laka, wata biyu zuwa uku kafin shuka. Kada ka haɗa ta da kashin dabbobi ko yuriya a lokaci ɗaya, naitirojin zai tashi ya bi iska. Kunyar dankalin turawa kuwa a ƙyale ta, yana jure tsami, farar ƙasa ma tana jawo masa ƙurajen fata.

Duk wannan gyara asara ne idan ba a tare zaizaya ba, don haka wannan aiki ne ke gaba da zuba taki. Don gano layin da ba hawa ba gangara, haɗa ma'auni mai siffar harafin A: ɗaure sanduna biyu masu tsawon mita 2 a sama, ka gitta ta uku a tsakiya, ka rataya dutse da igiya daga ƙoli. Tsayar da shi ka yi alama inda igiya ta taɓa sandar tsakiya, ka musanya ƙafafun ka sake alama. Tsakiyar alamun biyu ita ce daidai: in igiya ta faɗa a nan, ƙafafun biyu suna kan tsayi ɗaya. Ka riƙa juya shi a gicciyen gangare kana kafa turaku inda igiya ta nuna daidai, ka ja kunyoyinka bisa wannan layi. A duk saukar mita ɗaya ka jera duwatsu ko ka dasa jema, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe. In tazarar ta yi faɗi, ruwa zai tattaru a giɓin ya yanka kwazazzabo.

Saura sanyi. Zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 a kowace hawan mita 1,000, shi ya sa kabeji, karas da latas ke jin daɗin tudu. Amma iska mai sanyi nauyi gare ta, da dare tana gangarowa ta taru a kwari, inda ƙasar ta fi zurfi. Tumatir da barkono a ba su tsakiyar gangare, kabeji ya sauka ƙasa.