Wankin papiyo: inda ake ɓata mota da sunan gyara

Da hunturu ya kama a Yamai, kukan masu mota a garaji kusan ɗaya ne: mota tana karkarwa idan an tsaya, ralanti, wato juyin inji idan ba a taka totur ba, yana hawa yana sauka, a cunkoson Gadar Kennedy an kunna klim sai ta mutu. Makaniki ya ce a wanke papiyo, kuma sau da yawa gaskiyarsa ce. Papiyo shi ne ƙofar iskar da inji ke shaƙa. Yana zaune bayan filtar iska, a cikinsa akwai faifai da ke buɗewa idan ka taka totur. A ralanti ɗan siririn wuri kawai faifan yake bari, to tururin baƙin mai da ke dawowa daga inji sai ya haɗu da ƙura, ya yi danƙo a daidai wurin nan, iska ta ragu. Wanke shi ba ya cin awa ɗaya, amma yana son lallami, kuma yawancin ɓarnar da ake yi daga ƙarfin hannu take fitowa.

Kafin ka taɓa komai, duba wane iri ne a motarka. Tsofaffin Corolla da ire-irensu suna da wayar ƙarfe daga totur zuwa papiyo, ka iya buɗe faifan da hannu ba damuwa. Motocin da aka ƙera daga tsakiyar shekarun 2000 zuwa yau galibi ba su da wannan waya, ƙaramin inji ne na lantarki da haƙoran roba ke juya faifan bisa umarnin kwamfutar mota. Babban kuskure shi ne a ɗauki wannan kamar wancan. Yaron garaji ya cusa yatsa ya banƙare faifan da ƙarfi, kontak a kunne, ko dai faifan ya datse masa yatsa, ko haƙoran su lalace, kuma papiyon lantarki ba abin arha ba ne, ko na hannu ka samu. A kashe kontak, a zare makulli, a cire filogin papiyon. In dole sai an buɗe faifan, a tura shi a hankali, kada a sake shi ya koma da bugu.

Sai abin wanki. Ana zuba esansi a gwangwani a tsoma papiyon gaba ɗaya, yadda ake yi wa karbireta a da. Tsohuwar karbireta galibi ba ta da lantarki a ciki, wannan kuwa yana da na'urar da ke gaya wa kwamfuta inda faifai yake, ruwa ya bi ta sandar faifan ya shiga wurin, an gama da ita. A sayi feshin da aka yi domin papiyo, a fesa a kan tsumma mai tsabta marar zare, a goge bango da gefen faifan ciki da baya. Tsohon buroshin haƙori ya isa ga wurin da ya ƙi fita. Sukuddireba da takardar gogar ƙarfe ba su da aiki a nan ko kaɗan. Jikin alminiyom ne, ka kankare shi ka faɗaɗa wurin iska har abada, ralanti ba zai ƙara zama daidai ba. Wasu kamfanoni ma suna shafa wani baƙin abu da gangan a gefen faifan don toshe iska, wanda bai sani ba ya ɗauka datti ne ya dage sai ya fitar da shi. Abin da tsumma, buroshi da feshi ba su cire ba bayan goga biyu ko uku, a bar shi.

Inji ya huce kafin a fara, feshin nan yana kama wuta, kuma wasu papiyo ruwan lagireto yana ratsa su.

Akwai wata ƙaramar na'ura kusa da akwatin filta mai auna yawan iska, wayarta siririya ce ƙwarai. Da yawa idan gwangwanin feshi yana hannu sai su ce bari a haɗa da ita. Nata feshin daban ne, kuma ba a taɓa ta da tsumma ko yatsa.

Wurin da ya fi damuna shi ne bayan an mayar. An tada mota, ralanti ya tashi sama da yadda aka saba, sai ka ji an ce, “Alhaji, bari in rage mata kaɗan,” a kama ɗan sukurun da ke tare faifai a murɗa. Don Allah kada ka yarda. Daga masana'anta aka daidaita shi, shi ya sa ake ɗiga masa fenti. Abin da ya faru shi ne kwamfuta ta daɗe tana ƙara buɗe hanya saboda dattin, yanzu hanya ta washe ita kuwa tana nan kan tsohon lissafi. Toyota da yawa suna gyara kansu bayan inji ya yi zafi an ɗan yi tafiya. Nissan da Volkswagen sukan buƙaci a sake koya musu, hanya mafi tabbas ita ce na'urar gwaji da ake haɗawa da kwamfutar mota. Motocin esansi na Turai tun daga 2001 suna da wurin haɗa ta kusa da sitiyari. Inji mai zafi ba klim, mafi yawa suna zama tsakanin juyi 600 da 800 a minti. In ya ƙi sauka, a nemi inda iska ke satar shiga: tsohon gasket, wato abin da ake sawa a mahaɗar papiyo don toshe iska, da aka mayar a yage, ƙaramin tiyo da aka manta, ko robar iska da zafin rana ya tsattsaga.

Filtar iska kuma ita ce ake mantawa. Wanda ke bin hanyar Dosso zuwa Konni da Tawa, ko yake shiga unguwannin da ba kwalta, filtarsa tana cika tun kafin lokacin da littafin mota ya faɗa. Hura ta da iskar kwamfaresa mai ƙarfi yana huda takardar, ƙura ta wuce kai tsaye, papiyon da aka wanke ya sake yin baƙi cikin ƴan watanni. A ɗaga ta a rana a duba, in haske ba ya ratsa ta ko akwai huda a canza ta, a kuma tabbatar murfin akwatin ya zauna ta kowane gefe.