Yadda Ake Shirya Ɗalibi don Gasar Ƙwallon Makarantu a Zafin Satumba

A Saudiyya makarantu kan koma a ƙarshen Agusta, kuma ba a jimawa malamin motsa jiki ke fara zaɓen yaran da za su buga wa makaranta, a mutawassiɗa da sanawiyya, wato ƙaramar sakandare da babba. Gasar da aka fi sani ita ce Dauril Madaris ta ƙwallon ƙafa, wadda 'yan mata ma suka samu tasu a 2022. Da sunan kaka ta kusa ake komawa makaranta, amma a Makka zafin Satumba yana haura digiri 40, a Jidda kuwa laimar teku ke hana zufa bushewa. Yaron da ya yi hutu yana kwana danna waya, yana wuni barci a ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, ko ya iya ƙwallo minti goma na farko zai sa ya riƙe ƙugu.

Jiki na buƙatar kwana 10 zuwa 14 kafin ya saba da aiki cikin zafi, kuma ba a yi masa gaggawa. Kwana uku na farko, sassarfa ta minti 20 bayan magariba ta isa. Daga nan a ƙara minti biyar duk kwana biyu, a kuma matso da lokacin zuwa bayan la'asar, tunda wasa zai iya faɗowa da sauran rana. Gudun tsere na mita 30 zuwa 40 sai mako na biyu, sau shida, da hutun minti ɗaya a tsakani. A ware rana ɗaya a mako ba atisaye. Barci kuma ya koma na dare, awa takwas aƙalla.

Ruwa: rabin lita awa biyu kafin wasa, sannan ƙaramin kofi duk minti 15 zuwa 20. A ɗora yaro a sikeli kafin atisaye da bayansa. Duk kilo ɗaya da ya ragu, ya mayar da kusan lita ɗaya da rabi a hankali. Fitsari ya yi duhu kamar shayi, ruwa bai isa ba. Lemon ƙarin kuzari na baƙala, wato shagon unguwa, a bar shi, kafeyin ɗinsa na sa bugun zuciya da hana barci. Abinci mai nauyi irin su kabsa (shinkafa da nama) ko ful da tamis (wake da burodi), a ci awa uku kafin fita. Idan lokaci ya ƙure, dabino da ayaba.

Akwai abin da ya shafi gidajenmu na Hausawa musamman, wato sikila. Iyaye su san nau'in jinin yaro ta fuskar sikila, ko AA ne ko AS ko SS, kafin ya ba da suna. Mai AS yana wasa lafiya, amma gudu mai tsanani cikin zafi da ƙishirwa kan jefa shi cikin haɗari, don haka a gaya wa malami, kuma da ya ji ƙafafu sun yi sanyi ko numfashi na yankewa ya tsaya. Mai SS ko asma, likita ne zai yanke. A kuma duba ranar haihuwa a iƙama (katin izinin zama) ta dace da ta tsarin Nur na rajistar ɗalibai, saboda da shekaru ake raba rukuni.

Filaye da yawa ciyawar roba ce. Takalmi mai ƙananan haƙora da yawa ya fi dacewa da ita. Mai dogayen haƙora kan cije ƙasa, jiki ya juya gwiwa ta murɗe. Kada a fara sa sabon takalmi ranar wasa, zai yi bororo. Kariyar ƙwauri dole ce a dokar ƙwallo.

Ɗan mutawassiɗa da ke kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa ko a diddige ba raki yake ba, wurin da ƙashi ke girma ne jijiya ke ja. A rage masa gudu da tsalle, idan bai lafa ba a kai shi asibiti. Targaɗe kuwa, ƙanƙara a naɗe cikin tsumma minti 15 zuwa 20, a ɗaga ƙafar sama, ban da murza da man zafi a ranar. Wanda ya bugu a kai ya ji jiri ya gama wasa ranar nan, ko ya rantse ya warware. Wanda ya fara sambatu ko tangaɗi cikin zafi, a kai shi inuwa, a cire masa riga, a yi ta kwara masa ruwan sanyi, wani kuma ya kira motar ɗaukar marasa lafiya ta Hilal Ahmar a 997.